Ranar Awo a Garin Surukai

Ku da kuke biye da ni, yau sai kun yi haƙuri, don tun ranar Litinin ban gama natsuwa ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Hidaya, 'yar Malam Balarabe mai Islamiyya a Birnin Kudu. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin ungozoma, kuma an kawo kayan gaisuwata daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ni ba na iya magana a gaban mutane. Ba wai ba na so ba ne. Da zarar idanu sun yi yawa a kaina sai harshena ya yi nauyi, kunnuwana su ɗauki zafi, in riƙa jin bugun zuciyata a maƙogwaro.

Abin ya faro ne ranar walimar saukarmu. Ni aka zaɓa in yi jawabin godiya a madadin 'yan mata, na kuma haddace shi tsaf, har a bakin murhu ina maimaitawa. Da aka miƙo mini makirfo, kafin in ce komai sai na ji numfashina yana fita ta lasifikar da aka rataye a jikin darbejiya. Unguwa guda tana sauraren hakina. Na nemi kalmar farko na rasa. Haka na tsaya cikin sabon leshina ruwan hoda har Baba ya taso ya karɓi abin a hankali ya ce a yi wa yara addu'a. Tun daga ranar yayana Fa'izu ya raɗa mini suna Rediyo Ba Batir, har yau bai sauke mini shi ba.

Abin dariyar shi ne, mutane ba su ɗauke shi a matsayin ciwo ba. Kunya suka kira shi. Matan unguwa har misali suke yi da ni, wai a je gidan Malam a ga tarbiyya, yarinya kamar ba ta gidan. Ni kuwa ina ji ina sunkuyar da kai, ina karɓar yabon da na san ba nawa ba ne.

Shi Ashiru ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. Allurar ragunan Baba ya zo yi gabanin babbar salla, na kai masa ruwan wanke hannu, ya yi mini tambaya uku ban amsa ko ɗaya ba, wai a nan ya ji ya kamu. Mutum ne mai baki, in ya fara labari har akuyar da yake wa magani sai ta tsaya saurare. In ya zo zance, shi ke magana a zaure ni ina wasa da bakin mayafina. Sai ya hau babur ya tafi, sannan in shige ɗaki in rubuta masa amsar duk abin da ya tambaya, ɗaya bayan ɗaya. Shi kullum saƙon murya yake turowa, ni kullum rubutu.

"Hidaya," in ji shi wata rana, "ranar da kika turo mini muryarki a waya, sai na yanka zakara."

Na rubuta masa cewa zakaran zai mutu da tsufa.

Danginsa Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, ga shanu ga gona. Hausa suke yi, Fulatancin sai a gaisuwa da kiran sunan saniya, amma alkunyar tana nan ba ta je ko'ina ba. Da gwaggonninsa suka zo ganina, babbarsu ta ce wa Umma abin da ya fi burge su shi ne har suka sha fura suka tashi ba su san kalar muryata ba. Umma ta riƙe wannan magana kamar an ba ta zinariya.

To sai ga shi makaranta ta raba mu aikin koyo a ƙauyuka, sunana ya faɗo a ƙaramin asibitin Farin Dutse. Garin surukai. Ni da ƙawata Lailatu aka tura, ƙarƙashin Sista Rahmatu, wata gajeriyar mata mai faɗa da dariya a lokaci guda. A asibitin akwai al'ada: duk ranar Litinin, ranar awo da rigakafi, kafin a taɓa kowa sai an tara mata a rumfa an yi musu jawabi. Ɗalibai ke yi, ana ba su maki. Ni dai na san yadda na riƙa zillewa. Yau ina wajen ma'auni, wani makon ina wanke kayan aiki, Lailatu ta yi nata ta yi nawa. Sista tana gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar Alhamis ɗin makon jiya muka fita zagayen gidaje neman yaran da suka tsallake rigakafi. An yi ruwa da safe, masara ta rufe hanya har sai mun riƙa ture ganye da hannu. Ban ankara ba sai na ji Sista tana sallama a wani gida mai faɗin tsakar gida, ga rumbuna a jere, ga ƙore an kife a kan danga, ga ɗan maraƙi a turke. Lailatu ta mintsine ni.

"Gidanku ne fa," ta ce a kunnena.

Na ja hijabina har gira, na laɓe bayan Sista, wadda ko kafaɗata ba ta kai ba.

A nan na fara ganin Inna Azumi, mahaifiyar Ashiru. Doguwa ce siririya, da baƙin zane na saƙi da tsagen da ya fara dusashewa a gefen bakinta. Da wata ta raɗa mata ko wace ce ni, sai ta juya fuskarta wajen maraƙin. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Ashiru ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce mai babur. Wadda zai aura kuwa ai ba a kallonta ido cikin ido. Na durƙusa na motsa leɓe, ita ma ta amsa wa iska.

Garin neman inda zan ɓoye idona na hango wata a bayan rumbu tana tsince wake a faifai. Hapsatu ce, ƙanwar Ashiru, wadda aka dawo da ita gida goyon ciki. Na san ta a hoto, siririya kamar uwarta. Wadda na gani kuwa fuskarta ta cika har idanun sun shige. Ƙafafunta sun fi ƙarfin silifas ɗinta, ta saƙala yatsu kawai. Zoben azurfar da ke hannunta ya nutse cikin nama. Ta ɗaure goshinta tamau da ɗankwali, tana runtse ido duk da a inuwa take.

Da mace sa'ata, in mu biyu ne, ina iya magana. Na tsuguna kusa da ita na tambaye ta ko kanta na ciwo. Ta ce lafiya lau. Na ce ko tana ganin wani abu kamar walƙiya a idonta. Hannunta ya tsaya a cikin waken, sannan ta jawo mayafi ta rufe cikinta kamar babu komai a wurin.

"Lafiya lau," ta sake cewa.

A gidan nan ba wanda yake cewa Hapsatu na da ciki. Cikin fari ne. Ba a ambatonsa, ba a kai shi awo a jera shi a benci kowa ya gani, mai shi ba ta cewa wash, ranar haihuwa ma so ake a ji kukan jariri kafin a ji nata. Haka Inna ta haifi nata, haka uwarta ta haife ta. Ni kuwa abin da aka koya mana a aji yana ta yi mini ƙara a kai: ciwon kai, kumburin fuska, walƙiya a ido. Hawan jini ne na masu ciki, wanda in aka bar shi yake zama jijjiga, ya tafi da uwa ko ɗa ko duka biyun.

Muna fita na gaya wa Sista. Washegari da sassafe ta ɗauki abin awon jini ta koma ita kaɗai. Ta dawo da ƙwaryar nono da ɓacin rai. An karɓe ta hannu biyu, an ce Hapsatu ta shiga maƙwabta, kumburi kuma ai alamar ɗa namiji ne, su ba sa tona yarinya a cikin fari.

"Ba zan iya kutsa ɗakin mutane in jawo ta ba," in ji Sista. Ta ajiye ƙwaryar ta dube ni. "Ranar Litinin Inna Azumi za ta kawo jikarta, 'yar ƙanin Ashiru, rigakafi. Jawabin ranar naki ne, a kan alamomin haɗari ga mai ciki. In kika tura mini Lailatu, ke da ita duk sai na kore ku."

Na rubuta wa Ashiru komai. Amsarsa ta zo cikin wata murya da ban san shi da ita ba, babu wasa a ciki. Ya ce ya gwada. Ya fara da cewa Inna, yarinyar nan ta bayan rumbu, sai ta miƙe ta tafi kwance maraƙi. Mijin Hapsatu yana can kudu da shanu, waya ba ta samunsa. Namiji kuma, ɗan fari, ya zauna da uwarsa a kan cikin ƙanwarsa, ba a taɓa yi ba a gidansu.

"Ke ce malamar asibiti, Hidaya. Ko za ki same ta?"

Na rubuta: "Ni da ko sannu ban iya ce mata ba?"

Ya san gaskiya na faɗa. Yarinyar da ba a ko sa ranarta ba, ba ta zuwa ta zaunar da uwar miji ta yi mata zancen ciki. Ƙofar ɗakin Inna a rufe take gare ni, a rufe take ga ɗanta. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce rumfar asibiti, inda magana ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Kuma ita ce ƙofar da na fi tsoro a duniya.

Da yammacin Juma'a na hau mota na tafi gida. Na tarar da Umma ta baje sababbin kwanukan da take tara mini a tsakar ɗaki, tana goge su da tsumma tana jerawa. Ƙamshin miyar kuka da man shanu ya cika gidan. Ban ko cire hijabi ba na zauna na ba ta labari. Da na zo kan jawabin sai ta ajiye murfin da ke hannunta.

"A gaban uwar mijin? Budurwa ki miƙe tsaye kina zancen ciki da jini?"

Na ce aikina ne, Umma.

Ta ce aikin nan ba yau aka fara shi ba, kuma ba a kaina zai ƙare ba. Ta tuna mini maganar gwaggon Ashiru kalma bayan kalma. Mutanen nan abu ɗaya suka gani suka yaba, shi zan je in zubar a tsakiyar garinsu? Ta ce in ce zazzaɓi nake, Lailatu ta yi, ita Hapsatu kuma Allah ya sauke ta lafiya, za ta sa yara su yi mata addu'a. Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Umma ta ga yadda nake murmushi in wayata ta yi ƙara, ba ta son abin da zai raba ni da wannan.

Fa'izu da ke cin tuwo a bakin ƙofa ya ce Umma ta kwantar da hankalinta, ai ko an tsayar da ni ba abin da zai fito, sai dai matan su sha kallo. Umma ta jefe shi da tsumma. Ni dai ban yi dariya ba, don abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da nake tsoro: in zubar da mutuncina a banza, in tsaya a gaban Inna ina haki, Hapsatu kuma tana can bayan rumbu.

Na san Baba ya ji komai daga ɗakinsa. Da safiyar Asabar ya aiko a kira ni makaranta. Malamar ajin ƙananan 'yan mata ba ta zo ba, ya ce in shiga in biya musu. Wannan ba sabon abu ba ne, tun ina sakandare nake yi. Na shiga, na zauna a kan tabarma, na ja musu karatu. Ina faɗa suna karɓa, ina faɗa suna karɓa, har rufin kwano yana amsawa. Da na fito na same shi tsaye a jikin taga, hannunsa a baya riƙe da carbi.

Ya tambaye ni ko yaran nan ba mutane ba ne. Na ce mutane ne. Ya ce to ga aji cike, har wasu a bakin ƙofa, ya kuma ji muryata tun daga zaure.

"Wannan ai biyawa ce, Baba. Ina faɗa suna karɓe mini."

"To wa ya ce dole sai kin tsaya ke kaɗai da magana a hannu?" Ya juyo ya dube ni. "Ita uwar yaron nan, kunyarta kike ji ko tsoronta?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce shi ma ya daɗe bai iya rarrabe su a kaina ba. Amma ya lura kunya ba ta hana mutum barci, tsoro ne ke hanawa, ni kuma idona ya nuna ban yi barci ba. Na tambaye shi, in suka fasa auren fa? Bai yi mini alkawarin ƙarya ba.

"In suka fasa zan ji zafi, don yaron ya kwanta mini. Amma ba zan ce kin yi laifi ba."

Ranar Litinin, bayan na koma Farin Dutse, na goge farin kayana har sai da suka yi ƙarfi, na sa farin hijabi ɗan guntu, na shafa kwalli don kada a ga kumburin idona. Ban iya karyawa ba. Kafin hantsi rumfar ta cika. Masu ciki a benci, masu goyo a tabarma, wasu tsaye a jikin bango, atamfofi kala-kala, kukan jarirai da warin man kaɗanya. Akwai waɗanda ba ciki ba goyo, labari ne ya kai musu cewa yau amaryar Ashiru za ta yi magana. Can a ƙarshen bencin baya na hango baƙin zanen saƙi. Inna Azumi ce, da jikarta a cinya, fuskarta a wajen hanya.

Sista ta tafa hannu aka yi shiru. Ta miƙo mini lasifikar hannu. Na kalle ta, na tuna darbejiyar gidanmu, na girgiza kai. Ta ɗaga gira amma ta janye.

Na yi sallama. Ni kaina ban ji ta ba. Na buɗe baki in ci gaba, sai komai ya tafi, duk abin da na tsara a mota ya goge. Idanu, idanu, idanu. Gumi ya gangaro ta bayan kunnena. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba, har wata tsohuwa daga gaba ta ce a bar yarinya, kunyar surukarta take ji, ai 'yar gidan malamai ce. Rumfar ta ɗauki dariya, irin dariyar nan ta tausayi. Na ga Lailatu ta fara matsowa don ta cece ni, kamar kullum.

Ga hanyar fita an buɗe mini, da yabo ma a kai. Da na sunkuyar da kai na koma ciki, da kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Ashiru ya yi dace. Na sunkuyar da kan kuwa. Sai idona ya sauka a kan ƙafafun matan layin gaba, silifas a jere, kowace ƙafa ta shiga takalminta daidai. Na tuna waɗancan yatsun da aka saƙala.

Na ɗago. Ban kalli kowa ba, na kalli saman kawunansu kamar yadda nake yi a ajin yara, na ja muryar biyawa.

"Ku ce, ciwon kai mai tsanani."

Aka yi tsit. Mata biyu ko uku suka maimaita suna dariya. Sista Rahmatu, Allah ya saka mata, ta karɓa da ƙarfi tana tafi.

"Ku ce, ba na ɓoyewa ba ne."

Wannan karon rabin rumfar ta amsa. Ku san wani abu? Da muryoyinsu suka dawo mini, sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ba ni kaɗai ba ce kuma. Na ja, suka karɓa. Walƙiya a ido, ba ta ɓoyewa ba ce. Jini ko kaɗan ne, ba na ɓoyewa ba ne. Da na ce kumburin fuska da hannu ba alamar namiji ba ne, sai karɓar ta rarrabu, aka fara ƙus-ƙus, wata ta ce ita kam da kumburi ta haifi 'ya'yanta maza duka. Na ce mata Allah ne ya tsare ta, na sake ja, suka karɓa. Sannan na faɗi wadda tun a mota nake gudunta.

"Ku ce, cikin fari ma ciki ne."

Karɓar ta yi ƙasa sosai. Wasu 'yan matan suka rufe fuska. A nan ne na daina cewa ku ce. Ban shirya ba, kawai na ji ina magana, da Hausata ta gida, muryata na rawa amma tana fita. Na gaya musu yadda jijjiga take zuwa ba sallama, mace na tsince wake sai a ga ta faɗi. Na ce awon jini ba ya buɗe wa kowa sirri, hannu kawai ake ɗaurawa.

"Mai cikin fari ba za ta faɗa ba," na ce. "An koya mata shiru, ita kuma tana son ta fita kunyar iyayenta. Na san irin wannan shirun, mutum yana ciki yana neman wanda zai gane ba tare da ya faɗa ba. Uwa ce za ta duba ƙafarta. Uwa ce za ta kamo hannunta."

Ban ambaci suna ba, ban kalli baya ba. Amma na ga motsi ta gefen idona. Inna Azumi ta miƙe, ta saɓa jikarta a baya, ta ɗaure zane, ta fita daga rumfar ba tare da an yi wa yarinyar allura ba. Kawuna suka juya suka bi ta, suka dawo kaina.

Na ƙarasa. Ban san yadda aka yi ba, amma na ƙarasa har da addu'a. Aka yi tafi, Sista ta dafa kafaɗata, ni kuwa na wuce teburin awo. Ina ɗaura wa mata abin awo ina kwancewa, ina rubuta lamba a kati, zuciyata tana wajen kwanukan Umma. Na leƙa wayata, ba saƙo. Lailatu ta raɗa mini cewa wataƙila fitsari yarinyar ta yi wa Inna. Na ce ta bari kawai.

Ana gab da kiran azahar, layi ya kusa ƙarewa, sai hayaniyar rumfar ta ɗauke. Na ɗago. Inna Azumi ce take shigowa, babu goyo, ta riƙo wuyan hannun wata da aka lulluɓe da babban mayafi har ƙasa. Tafiya suke a hankali saboda silifas ɗin da ba su shiga ba. Ba ta bi layi ba, ba kuma wadda ta ce mata don me. Ta kawo Hapsatu gaban teburina ta zaunar, sannan ta juya mini ƙeya ta fuskanci Sista.

"Ki ce wa yarinyar nan ta duba ta."

Na ɗaura mata abin awo. Da lambar ta fito na juya abin wajen Sista, na ga dariyar fuskarta ta ɗauke. Nan take aka ba Hapsatu magani, aka kwantar da ita, Sista ta ce Birnin Kudu za a wuce da ita yanzu, ba gobe ba. Aka kira Ashiru ya nemo mota.

Muna jiran motar ne Sista, da yake bakinta ba ya riƙe abu, ta tambayi Inna me ya sa ranar Juma'a da ta je da ƙafarta aka ce mata yarinya ta shiga maƙwabta. Ina durƙushe a gefen gado ina riƙe da hannun Hapsatu, ina jin su.

"Ke aikinki ne ki faɗa, kullum cikin faɗa kike," in ji Inna. "Wannan kuwa ta shigo gidana ko numfashinta ban ji ba. In har ta tsaya a gabana ta faɗi abin da ta faɗa, ta san abin da za ta iya rasawa. Sai na ce to abin ya kai."

Ta gyara zanenta, har yanzu fuskarta na wajen taga.

"Ki kuma gaya mata, mu na baya da ƙyar muka ji. In za ta sake, ta ɗaga murya."

Hapsatu ta matse yatsuna. Na kifa kaina a bakin katifa na yi kukan da tun Alhamis yake maƙale.

Yanzu Hapsatu tana kwance a babban asibiti a nan Birnin Kudu, ni ma na biyo su na dawo gida. Likita ya ce an kawo ta a kan gaɓa, jinin ya fara sauka, amma ba ta haihu ba tukuna, don haka ku sa ta a addu'a. Umma, wadda ta ce in yi ƙaryar zazzaɓi, ita ke dafa abincin da ake kai musu safe da yamma. Ita da Inna suna zama a tabarma ɗaya a barandar asibiti, suna hirar tsadar gero, ba wadda ta ambaci sunana.

Da na so in tsaya a nan. Amma ɗazu bayan magariba, ina ninke sallaya, wayata ta yi ƙara. Ashiru ne, kuma rubutu ne. Mutumin da tunda na san shi bai taɓa rubuta mini layi ɗaya ba.

"Baffa Sabo ya ji labari a kasuwa, an ce amaryata ta tsaya gaban gari tana zancen ciki. Ya ce ranar Juma'a zai zo ya ga Malam. Bai faɗi me zai ce ba."

Baffa Sabo yayan mahaifinsa ne, shi ya jagoranci kawo gaisuwata, kuma a gidansu in ya ce a'a ba mai cewa e. Na zauna a bakin gado na fara rubutu. Na goge. Na sake farawa, na sake gogewa. Ina jin Fa'izu a tsakar gida yana ba Umma labarin wai yanzu Rediyo ta samu batir, sai a yi hattara.

Na kalli ɗan hoton makirfon nan da ke gefen wurin rubutu, wanda kullum nake kauce masa kamar wuta. Na ɗora babban yatsana a kai na danne. Na ji numfashina, irin na ranar walima. Na bar shi ya wuce.

"Ashiru, ni ce. In Baffa ya zo, ka roƙa mini shi ya bari in shigo in gaishe shi. Abin da na faɗa a rumfa, in yana so, zan maimaita masa da bakina."

Na saki. Alama ta nuna ya saurara. Na jira har na fara cizon yatsa. Sai ga muryarsa, tana rawa kamar tawa, ana jin kukan kaji a bayansa.

"Ki sake faɗa, Hidaya. Ni ma ɗan bencin baya ne." Ya ja numfashi. "Zakaran kuma yau kwanansa ya ƙare."

Na yi dariya har da hawaye. Amma Juma'a jibi ce, kuma labarin zuwan Baffa ya riga ya kai wa Baba, har ya sa an share zaure.